Na Kai Takarda Bankuna Uku Shiru: Ina Ɗalibin Kasuwanci Zai Yi Sanin Makamar Aiki A Kano?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, ina aji uku a sashen nazarin kasuwanci. Dogon hutu ya matso, ina neman inda zan yi sanin makamar aiki. Na kai takarda bankuna uku, har yau shiru, kuma ba ni da kowa a sama. Abokaina sun ce in ba banki ko babban kamfani ba ne, ɓata lokaci ne kawai. Ga kuma maganar ƙungiyoyin ƙwararru irin su ICAN da NIM da kwasa-kwasan intanet da ake ta yi mana, na rasa wanda zan kama. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗi da ka yi wannan tambaya tun kana aji uku. Yawancin masu zuwa wurina sai sun gama bautar ƙasa, takarda a hannu, sannan suke tambayar abin da ya kamata a ce sun tambaya tun shekara biyu da suka wuce. Ni akanta ne. Na daɗe a ofishin kuɗi na wata masana'anta a Sharaɗa kafin na buɗe ɗan ofishina na binciken lissafi da haraji, kuma kusan duk shekara ina karɓar ɗalibai. Saboda haka zan ba ka amsa ne a matsayin wanda ake kawo wa irin takardar da ka kai bankunan nan.

Bari mu fara da maganar abokanka, domin na ga ita ce ta tsaya maka a rai. Ba su faɗi daidai ba. Wurin koyon aiki, abin da ake auna shi da shi shi ne abin da za a bari hannunka ya taɓa. Banki wuri ne mai tsauraran dokoki, kuma haka ya kamata ya zama, tunda dukiyar mutane ce da sirrinsu. Ɗalibin da ya zo na wata biyu ko uku ba wanda zai ba shi lambar shiga kwamfutar banki. Galibi aikinsa bai wuce taya masu buɗe asusu cike fom, ko gyara layi, ko a haɗa shi da masu fita neman kwastoma. Akwai abin koyo a ciki, musamman iya magana da jama'a da kiyaye lokaci, ban raina ba. In aka kira ka, ka je. Amma in abin da kake so shi ne ka ga yadda kuɗi ke shiga kasuwanci, ya juya, ya dawo da riba ko ya maƙale, to ba a bakin kantar banki ake ganin wannan ba.

Kai da kake Kano, ka duba abin da ke kewaye da kai. Ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa da na kan hanyar Haɗeja, masu yin roba da taliya da man gyaɗa da casar shinkafa da jimar fata. Ga Dawanau, inda ake tara riɗi da zoɓo da waken suya ana fitar da su ƙasashen waje. Ga Kwari, ga Singa, ga Sabon Gari, ga Ƙofar Ruwa. Ga tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a farkon 2023. Ga asibitoci da makarantun kuɗi da kamfanonin sufuri, kowanne da ofishin lissafinsa, kuma da yawansu mutum ɗaya ne ko biyu ke fama da aikin mutum biyar. A irin waɗannan wurare ɗalibi mai natsuwa ba nauyi ba ne, taimako ne.

Bari in ba ka labarin wani yaro da na taɓa turawa wurin wani Alhaji, dilan kayan masarufi a Singa. Da farko bai so ba, har ya ce mini shi ba zaman shago ya je jami'a koyo ba. Na ce ya ba ni mako huɗu. Alhajin mutum ne mai ciniki sosai, mota na saukewa wata na lodi, amma duk sanda kamfani ya kira a biya kuɗin sabon kaya sai ka ga hankalinsa ya tashi, yana buga waya nan da can. Littafin bashinsa wani dogon littafi ne mai baƙin bango, gefensa ya yi laushi saboda yawan buɗawa, kowane kwastoma da shafinsa, wani da sunansa, wani da sunan garinsu kawai, "na Gumel", "na Maraɗi". Yaron ya nemi izini, ya zauna a kan benci a lungun sito da kwamfutarsa, ya kwashe bashin nan kaf ya zuba a Excel, manhajar jera lissafi a kwamfuta. Sai ya kasa shi gida uku: wanda bai wuce mako ba, wanda ya kai wata, da wanda ya haura wata uku. Da ya gama, sai ga shi a fili: mafi yawan tsohon bashin yana hannun mutum biyar ne, kuma su ɗin ne dai ake ƙara wa kaya duk mako, domin kowa ya zo yakan ajiye wani abu, sai a ga kamar yana biya. Alhaji ya riƙe takardar nan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe jarina yana gidan mutane." Daga ranar ya sa wa kowa iyakar bashi.

Abin da yaron ya yi kuna da sunansa a littattafanku, kun ma rubuta jarrabawa a kansa. Amma a ranar ne ya gane abin da ake nufi da a ce riba tana takarda, kuɗi babu a hannu. A misali, ka sari katan a naira 10,000 ka sayar 10,300. Ribar 300 ce, ba ta taka kara ta karya ba, amma in kuɗin yana dawowa duk mako, sau huɗu zai juya a wata. In kuwa ya kwana wata guda a hannun mai bashi, sau ɗaya ya juya, ga kuɗin dako da hayar sito ba su tsaya jiran kowa ba. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya zauna gaban masu tantance ma'aikata, maganarsa daban take fita. Gani ya kori ji. Kuma kada ka manta, manyan attajiran garin nan tun daga zamanin Alhassan Ɗantata a gaban wani suka fara koyo, da fatauci da riƙon amanar kayan maigida. Abin da jami'a ta ƙara maka shi ne ka iya rubuta abin, ka auna shi, ka bayyana wa wani.

Yanzu maganar tsari. Shirin gwamnati na sanin makamar aiki, wanda kuke kira SIWES, yana ƙarƙashin hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ne, wadda aka kafa a 1971, ita kuma ta ɓullo da shirin a 1973. A jami'o'i yawanci wata shida ne, da littafin da ɗalibi ke cikewa kullum, mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu, malami kuma ya zo daga makaranta ya duba. Sai dai an fi tilasta shi a fannonin kimiyya da injiniya da noma, ba kowane sashen kasuwanci ne ke da shi a manhajarsa ba. Ka tambayi ofishin sashenku. In yana cikin karatunku, ka bi ƙa'ida, ka cike fom ɗin fara aiki a kan lokaci, kuma kada ka ɗora lissafin kuɗin motarka a kan alawus ɗin da ake ba ɗaliban shirin. In ba ya ciki, ba abin da ya hana ka nemi takardar gabatarwa daga shugaban sashe ka yi na ƙashin kanka a lokacin hutu. Ni a wurina wanda ya zo ba tare da an tilasta masa ba ya fi burge ni.

Ka ce ba ka da kowa a sama. Ƙanena, ba lallai sai na sama ba, na gefe ma ya isa. Malamanka da yawa suna yi wa kamfanoni aikin ba da shawara. Waɗanda suka gama sashenku shekara uku ko huɗu da suka wuce suna nan a ofisoshi, kuma su suka fi sanin inda ake buƙatar hannu. A masallacin unguwarku akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin hukumar tara haraji ta jiha, akwai mai kantin magani. Ka sa mahaifinka ko kawunka ya yi maka iso. Wannan ba roƙo ba ne, haka aka saba shiga sana'a a ƙasar Hausa, wani ya tsaya maka ya ce na san ɗan gidan wane ne. Wanda zai buɗe maka littafin kuɗinsa dole ya san daga inda ka fito.

Sannan takardar da ka kai bankunan, wa ka ba? In a hannun mai gadi ka bari, to tana cikin tarin irinta. Zuwa da kai ya fi aike. Ka nemi ganin akanta ko manajan ma'aikata, ka je da safe a tsakiyar mako, ba ranar Litinin da kowa ke cikin hada-hada ba, ba kuma Juma'a ba. Takardarka kada ta wuce shafi ɗaya: sunanka, abin da kake karantawa, ranar da za ka fara da ranar da za ka gama, da abin da ka iya. Wannan na ƙarshen shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa. Duk takardun da ake kawo mini cewa suke "ina son in ƙaru da ilimi". Wanda ya rubuta cewa ya iya Excel, zai iya shigar da rasitai, zai iya taya ƙidayar kaya a sito, shi nake fara kira, domin ya faɗa mini abin da zai rage mini.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kamfanonin da ke rufe lissafin shekara a ƙarshen Disamba suna da wata shida su miƙa bayanan harajinsu, wato zuwa ƙarshen Yuni. Don haka daga Janairu zuwa Yuni ofisoshin binciken lissafi a cike suke da aiki, kuma a lokacin ne suka fi maraba da ƙarin hannu. Ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara kuwa a ƙarshen Disamba ake yin ta. In hutunku ya faɗo a nan, ka nemi ko na mako biyu ne. Ranar da ka tsaya a sito tun safe har la'asar kana ƙirga katan jere bayan jere, ƙura ta cika maka hanci, ka tarar abin da ke ƙasa bai yi daidai da abin da ke katin sito ba, sannan aka shiga bin takardun fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya har aka gano motar da aka loda ba a rubuta ba, ranar ka fara zama ma'aikaci.

In Allah Ya sa ka samu wurin, abu na farko amana. Abin da ka gani a littafin mutane, a nan za ka bar shi. Ba a ɗaukar hoton takardar ofis da waya, ba a ba da labarin albashin wane a majalisa, ko da wasa. Na taɓa sallamar wani ɗalibi mai ƙwazo ƙwarai a kan wannan, ya je ya faɗa wa abokinsa yawan bashin da ake bin wani kwastomanmu, magana ta zaga ta dawo. Har yau abin yana damuna, don yaron yana da kai, amma ba yadda zan yi in sake ba shi fayil. Kano babban gari ne, amma 'yan kasuwarta sun san juna.

Na biyu, ka riƙe ɗan littafi a aljihu. Duk abin da aka nuna maka ka rubuta, don kada a nuna maka sau uku. Ka yi tambaya, amma ka duba lokacin da mutum ya sarara. In ka ga ana yin abu saɓanin yadda aka koya muku, kada ka ce wa dattijon da ya shekara talatin a kasuwa ba haka ake yi ba. Ka tambaye shi dalili. Sau da yawa akwai dalilin da littafi bai sani ba, in kuma babu, tambayar taka ta isa ta sa shi tunani. Kafin ka bar wurin ka tabbata ka yi waɗannan da hannunka ko sau ɗaya: daidaita littafin kuɗin kamfani da takardar bayanin banki, lissafin albashi da cire harajin ma'aikata, da shirya bayanin harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, ake kuma miƙa shi kafin ranar 21 ga watan da ke biye. A ranar ƙarshe ka nemi takardar shaida mai ɗauke da ayyukan da ka yi dalla-dalla, ba wadda za ta ce "ya zauna da mu lafiya" kawai ba.

Sai maganar ƙungiyoyin ƙwararru, inda ka ce kanka ya ɗaure. Guda ɗaya za ka kama, kuma aikin da kake so shi zai zaɓa maka. In lissafin kuɗi ne ya kwanta maka, ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci wadda aka kafa da doka a 1965, tana da matakin share fage da ake kira ATS mai kashi uku wanda ɗalibi zai iya farawa tun yana makaranta, kuma wanda ya kammala shi ana ɗauke masa matakin farko na babbar jarrabawar. ANAN kuwa, ita ma ƙungiyar akantoci ce, sai bayan digiri a fannin akanta, ana zuwa kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos. Mai sha'awar banki ya dubi CIBN, mai son kula da ma'aikata ya dubi CIPM. NIM, ƙungiyar masu gudanar da ma'aikatu, tana da shiri na musamman ga masu bautar ƙasa, don haka wannan zai iya jira. Wanda nake son ɗalibanmu na Arewa su ƙara mai da hankali a kai shi ne haraji, wato ƙungiyar ƙwararrun haraji ta CITN. An sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, kuma dubban 'yan kasuwa a garin nan suna buƙatar wanda zai zauna ya yi musu bayani da Hausa, ya gyara musu takardu, ya raka su ofishin haraji. Masu iya wannan ba su da yawa. Jarrabawoyin nan suna cin kuɗi da lokaci, kada ka bari su taɓa sakamakonka na jami'a. In ka ga ba za ka iya haɗawa ba, ka yi rajistar ɗalibi, ka riƙa halartar tarukansu na reshen Kano, ka fara jarrabawa lokacin bautar ƙasa.

Akwai kuma fannin da Kano ta yi wa wurare da yawa nisa, wato hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Kano na cikin rassansa uku na farko. Bayansa TAJ ya zo a 2019, Lotus a 2021. A jami'arku akwai cibiya sukutum ta nazarin wannan fanni, ga kuma makarantar kasuwanci ta Ɗangote. Ɗalibin da ya fahimci murabaha (sayar da kaya da ribar da aka bayyana) da mudaraba (wani ya ba da jari wani ya juya a raba riba) da ijara (ba da haya) a aikace, ya san yadda ake rubuta su a littafin lissafi, yana da abin da 'yan'uwansa ba su da shi. Ka riƙa leƙa laccocin da suke shiryawa, yawanci ƙofa a buɗe take.

Kwasa-kwasan intanet kuwa, kada ka zama mai tara takardun shaida. Na sha ganin ɗalibi da takarda goma sha, in ba shi jerin ciniki na wata guda in ce ya fitar mini da jimillar kowane kwastoma, ya kasa. Ka ƙware a Excel sosai tukuna, sannan ka koyi manhajar lissafi guda ɗaya irin su Sage ko QuickBooks. Bayan haka ka gyara rubutunka na Turanci, ka iya rubuta wasiƙar aiki mai layi biyar ba kuskure. Wannan na faɗa maka ne don ina ganin yaranmu masu basira suna rasa aiki a kansa, kuma abin yana yi mini ciwo. In kana da wata 'yar sana'a a hannu, Gidauniyar Tony Elumelu takan buɗe neman tallafinta a farkon Janairu, da horo da jarin dala 5,000 ga waɗanda aka zaɓa. Bikin baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a filin da ke titin Gidan Zu wajen ƙarshen shekara shi ma dama ce, don kamfanoni kan ɗauki matasa na 'yan kwanaki su tsaya musu a rumfa, kuma a nan za ka ga manajoji ido da ido.

Ga ƙannena mata da za su karanta wannan: duk abin da na faɗa ya shafe ku. Ofisoshin lissafi da makarantu da asibitoci da kamfanonin mata masu sarrafa abinci da kayan ƙamshi suna nan da yawa. Ku sa iyaye a cikin maganar tun farko, a san wurin, a san mai wurin, a yi magana a kan lokacin tashi. Duk wanda ya ce ki same shi a wani wuri da ba ofis ba don maganar aiki, ki bar wannan aikin.

Hattara da mutum biyu. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, da wanda ya ce ka kawo littafinka ya buga maka hatimi ka je ka yi zamanka a gida. Na farko kuɗinka zai ci. Na biyu ya fi shi ɓarna, domin wata shidan da ba za su dawo ba zai cinye, kuma tambaya biyu ta isa mai tantancewa ya gane ba ka taɓa aikin ba.

A wannan makon, ka zauna ka rubuta wurare goma da adaidaita ɗaya za ta kai ka daga gidanku, domin kuɗin mota ne ke karya yawancin ɗalibai a wata na biyu. A cikinsu ka sa ofishin binciken lissafi biyu, masana'anta biyu, da dila ɗaya a kasuwa. Ka karɓo takardar sashe, ka nemi wanda zai yi maka iso a kowanne, ka taka da ƙafarka. Bankunan ma ka koma ka tambayi inda takardarka ta kwana. In ka samu wuri, ka sake rubuto mini ka faɗa mini littafin da aka fara miƙo maka, sai mu duba yadda za ka ɓullo masa. Allah Ya yi jagora.